Kwamfuta ɗaya, masu amfani da yawa: wace hanya ce ta fi dacewa a hana mutum ɗaya intanet?

A shagunan buga takardu na Garwa da Marwa da Ngaundare, da ofisoshin ƙananan makarantu, da gidajen da uba da 'ya'yansa ke zama gaban kwamfuta guda, buƙatar kusan iri ɗaya ce. An sayi datar MTN ko Orange ko Camtel da kuɗi, ko ta Airtel da Moov Africa ga mutanen Injamena, kuma akwai mutum ɗaya da ake so ya yi aikinsa a Word ko Excel ba tare da ya faɗa YouTube ba, alhali sauran suna shiga intanet yadda suka saba. Hanyoyin yin wannan suna da dama, amma wasunsu ba mutum suke tarewa ba, kwamfutar gaba ɗaya suke tarewa. Gane wannan bambanci tun farko yana rage wahala ƙwarai.

Kafin komai, kowa da asusunsa

Babu wata hanya a nan da za ta yi aiki idan kowa yana shiga da suna ɗaya. Yawancin kwamfutocin hannu-biyu da ake saya a kasuwanninmu suna zuwa da asusu guda, mai cikakken iko, ba kalmar sirri. Windows ba ta san fuskar mai zama a kujera ba, asusun da aka shiga da shi kaɗai ta sani. Don haka a buɗe Paramètres, sai Comptes, sai wurin ƙara wasu masu amfani, a zaɓi «Ajouter un utilisateur sans compte Microsoft», a ba shi suna, misali dalibi. A tabbatar nau'insa «Utilisateur standard» ne, ba «Administrateur» ba. Sannan a sa wa asusun mai kwamfuta kalmar sirri mai ƙarfi, kada kuma a rubuta ta a takarda a liƙa a jikin allo. Wanda ke da ikon admin zai warware duk wani ƙulli da aka yi masa cikin minti biyu, ko da ba gwani ba ne, muddin zai iya tambayar abokinsa.

Rauta da fayil ɗin hosts: kayan aiki masu kyau, amma ba na wannan aikin ba

Mutane da yawa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko shago, suke fara nufa, domin a shafinta akwai wurin toshe na'ura da tsara sa'o'i. A modam ɗin Huawei ana shiga ta 192.168.8.1, a yawancin TP-Link kuma ta 192.168.0.1. Matsalar ita ce rauta lambar MAC ta katin sadarwa take gani, kuma lambar nan ɗaya ce ko maigida ne ya shiga ko ɗansa. Ka toshe yaro, ka toshe kanka. Inda take da amfani shi ne idan lokaci ya raba ku sarai, misali yara ne kaɗai ke gida daga ƙarfe 2 zuwa 6 na yamma. Ko a nan ma, da zarar an haɗa waya da kebul ɗin USB an raba datarta, rauta ta fita daga zancen.

Haka fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc. Fayil ne da ake iya toshe shafuka ta hanyar rubuta adireshinsu a cikinsa, amma na kwamfutar ne duka, kuma sai an rubuta kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya. Sauya DNS, wato hidimar da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, zuwa mai tace shafukan batsa, kamar 1.1.1.3 na Cloudflare ko 208.67.222.123 na OpenDNS, abu ne da muke ba kowane gida shawarar yi, amma shi ma kowa zai shafa, kuma ba ya hana cin data ko kaɗan.

Family Safety: an yi ta ne don yaro

Idan wanda ake son taƙaitawa ɗanka ne ko 'yarka, kuma ba yanke intanet gaba ɗaya kake nufi ba, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Tana cikin Windows 10 da 11, har da bugun Famille da ke kan yawancin kwamfutocin gida, ba a biyan ko sefa ɗaya. Sai dai dole kai da yaron kowa ya mallaki asusun Microsoft, wato a nan asusun cikin gida irin wanda muka buɗe a sama ba zai wadatar ba. A family.microsoft.com kake ƙara shi cikin iyali, ka sa sa'o'in da zai iya zama a kwamfuta kowace rana, ka iyakance lokacin kowace manhaja, ka kunna tace shafuka, ko ma ka zaɓi kada ya buɗe komai sai shafukan da ka lissafa. Idan lokacinsa ya ƙare zai iya neman ƙari, saƙon ya zo maka, ka amince ko ka ƙi. Ga ɗalibin da ke shirin BEPC ko Probatoire, wanda ke buƙatar bincike amma ba ya buƙatar kwana a TikTok, wannan ya yi daidai.

Rauninta guda uku ne, kuma ya kamata a san su. Tace shafuka a burauzar Edge kaɗai yake aiki. Abin da take yi wa Chrome da Firefox shi ne hana su buɗewa, kuma idan ka ji tausayi ka buɗe masa Chrome, tacewar ta tashi a banza. Na biyu, sauyin da ka yi daga wayarka ba ya isa kwamfutar sai ta hau intanet, don haka a inda sadarwa ke yankewa za ka ga doka ta yi jinkirin kamawa. Na uku, babba yana iya fita daga rukunin iyali da kansa. Saboda haka ba ta dace da ma'aikacin shago ko ɗan koyon aiki mai shekara 20 ba, kuma sa masa shekarun ƙarya don a mai da shi yaro ba mutunci ba ne.

Firoksin ƙarya: idan ana so a bar wasu shafuka a buɗe

Wannan tsohuwar dabara ce, kuma har yau tana da wurinta. Firoksi ɗan tsakani ne da burauza ke bi ta kansa kafin ta isa shafi, kuma saitinsa a Windows na kowane asusu ne daban. Sai a shiga da asusun dalibi, a je Paramètres, Réseau et Internet, Proxy, a kunna firoksi na hannu, a rubuta adireshi 127.0.0.1 da ƙofa 9. Adireshin nan kwamfutar kanta yake nufi, kuma babu wata manhaja da ke sauraro a wannan ƙofa, don haka duk shafin da aka nema sai Chrome ya nuna ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Daɗinta yana cikin akwatin keɓewa da ke ƙasa: duk adireshin da aka rubuta a ciki zai wuce kai tsaye. Ana raba su da alamar waƙafi mai ɗigo, kamar haka:

*.wikipedia.org;*.wikimedia.org

Lura da cewa adireshi biyu muka sa don shafi ɗaya. Wikipedia tana ɗauko hotunanta daga upload.wikimedia.org, idan aka bar na biyun sai rubutu ya fito ba hoto. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane wahala a wannan hanya: shafi ya buɗe rabi, maɓalli ya ƙi dannuwa, a ɗauka sadarwa ce ta lalace. Gmail kaɗai yana buƙatar google.com da gstatic.com da googleusercontent.com, kuma da ka buɗe google.com gaba ɗaya, ka buɗe masa bincike ke nan. Ga shagon da ke yi wa mutane rajistar jarrabawa ko cika takardun neman aiki a shafuka uku ko huɗu, ana iya zama a gwada kowanne, a ƙara abin da ya rage har ya buɗe daidai.

Sai dai dalibi zai iya komawa ya kashe firoksin da dannawa ɗaya, sai an kulle wurin. A bugun Professionnel ko Éducation, daga asusun admin a danna maɓallin Windows da R, a rubuta mmc, a ƙara editan dokokin rukuni, a danna Parcourir, a shiga shafin Utilisateurs, a zaɓi dalibi shi kaɗai. Wannan matakin shi ne muhimmi. Wanda ya buɗe gpedit.msc kai tsaye, dokar da ya kafa kowa za ta hau, har da shi kansa. A ƙarƙashin saitin mai amfani, cikin sashen Internet Explorer, akwai dokar hana sauya saitin firoksi, a kunna ta. A sashen Système kuma a kunna wadda ke hana buɗe editan rajista (regedit). Rajista a nan ita ce ma'ajiyar saitunan Windows. Bugun Famille ba shi da wannan edita, sai ta rajista: a ƙirƙiri ƙima mai suna Proxy, nau'in DWORD, lamba 1, a Software\Policies\Microsoft\Internet Explorer\Control Panel na reshen dalibi. A nan ana yawan yin kuskure guda. Idan kana cikin asusun dalibi ka buɗe regedit da kalmar sirrin admin, reshen HKEY_CURRENT_USER da za ka gani na admin ne, ba na dalibi ba, sai ka kulle kanka ka bar shi a sake. Reshensa yana ƙarƙashin HKEY_USERS, da lambar SID ɗinsa, wato lambar da Windows ke gane asusunsa da ita, wadda za mu nuna yadda ake samunta a ƙasa.

Ko an yi duk wannan, gaskiyar magana firoksi roƙo ne ake yi wa manhajoji, ba tilas ba. Edge da Chrome suna bin saitin Windows. Firefox yana da nasa saitin, ana iya ce masa kada ya bi firoksi, kuma akwai irinsa da ke tashi daga filas ba tare da an girka shi ba. Chrome ma idan aka tashe shi da ƙarin --no-proxy-server zai tsallake. Manhajojin torrent da wasanni da yawa ba su ma duba firoksi. Don haka tana tare mai sakaci da wanda bai damu ya nemi hanya ba, ba ta tare wanda ya ƙuduri niyya.

Katangar tsaro ta Windows: idan yankewa gaba ɗaya ake so

A ganinmu wannan ce amsar ainihin tambayar, kuma abin takaici ita ce mutane suka fi rashin sani. Katangar tsaron Windows, wadda a allon Faransanci ake gani da sunan Pare-feu, tun daga Windows 8 tana iya kafa doka a kan asusu ɗaya. Duk manhajar da ta tashi da sunan wannan asusu ba za ta fita waje ba, ko Chrome ce, ko Firefox na filas, ko wasa. Ba ta damu da ta ina intanet ya shigo ba: Wi-Fi, kebul, modam na USB ko wayar da aka jona, duk doka ɗaya ce. Tana aiki a Famille kamar yadda take yi a Professionnel, ba ta buƙatar asusun Microsoft, ba ta buƙatar sadarwa kafin ta kama.

Daga asusun admin a buɗe PowerShell ta «Exécuter en tant qu'administrateur», a fara da neman lambar asusun:

Get-LocalUser | Select Name, SID

Za a ga doguwar lamba da ta fara da S-1-5-21, ta ƙare da wani abu kamar 1001 ko 1002. A kwafi ta layin dalibi, a duba sau biyu, domin lambobin sun yi kama, ƙarshensu kaɗai ya bambanta. Wasu suna amfani da whoami /user, amma a tagar da aka buɗe da ikon admin lambar admin take bayarwa, kuma ta haka ne mutum ke yanke wa kansa intanet yana mamaki. Sai a rubuta, a layi ɗaya, a maye gurbin kalmar SID da lambar:

New-NetFirewallRule -DisplayName "Hana dalibi" -Direction Outbound -Action Block -LocalUser "D:(A;;CC;;;SID)"

Shi ke nan. A shiga asusun dalibi a buɗe Chrome, zai nuna ERR_NETWORK_ACCESS_DENIED. A koma na admin, komai na tafiya. Ranar da ake so a buɗe masa na ɗan lokaci, Disable-NetFirewallRule -DisplayName "Hana dalibi" ya isa, Enable-NetFirewallRule kuma ya mayar da ita.

Abubuwan da ke ɓata ta sanannu ne. Dokar kamar yadda muka rubuta ta tana iya hana har isa ga firintar da ke kan Wi-Fi na shago, da foldojin da aka raba da wata kwamfuta. Firintar USB ba ruwanta. Idan ta sadarwa ce, a ƙara -RemoteAddress Internet a ƙarshen umarnin, sannan a gwada buga shafi ɗaya daga asusun dalibi kafin a tashi. Wasu manhajojin riga-kafi da ake saya suna zuwa da tasu katangar, su karɓe aikin daga hannun ta Windows, kuma idan haka ta faru dokarka tana nan a rubuce amma ba mai zartar da ita. A buɗe wf.msc a tabbatar katangar Windows a kunne take a dukkan nau'o'in sadarwa uku. Idan aka goge asusun dalibi aka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, lambar SID ta canza, tsohuwar doka ba ta san sabon ba. Sauya suna kawai ba ya taɓa lambar.

Akwai kuma abin da ba za ta yi ba. A katangar Windows dokar hani tana rinjayar dokar izini, saboda haka ba za ka ce «hana komai sai Gmail» da ƙara doka ta biyu ba. Mai son barin wasu shafuka ya koma ga firoksi ko Family Safety. Sannan hidimomin Windows kanta, kamar sabuntawa, da sunan tsarin suke gudana, ba da sunan dalibi ba. Wato kana iya toshe shi sarai, ka dawo ka tarar data ta ragu da gigabait ɗaya ko biyu, ka zarge shi alhali ba laifinsa. Maganin wannan shi ne a mai da sadarwar «Connexion limitée» a saitin Wi-Fi, kuma kafin a tuhumi kowa a duba shafin amfani da data a Paramètres, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce.

Ana iya haɗa dokar da Planificateur de tâches, wato manhajar Windows mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, don ta buɗe da kanta, misali daga ƙarfe 4 zuwa 5 na yamma: aiki ɗaya ya kashe dokar, wani ya kunna ta, dukansu da asusun SYSTEM. A wurarenmu da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, dole a yi wa aikin kunnawa alamar «a gudanar da shi da zarar an samu dama idan lokacinsa ya wuce». In ba haka ba, wuta ta ɗauke ƙarfe 4 da rabi, ta dawo ƙarfe 7, kwamfuta ta tashi da doka a kashe har washegari. A tsoffin kwamfutocin tebur kuma a duba ƙaramin batirin CR2032 na kan babban allo. Idan ya mutu agogo yana rikicewa duk lokacin da aka kashe wuta, jadawalin kuma ya bi shi.

Wata dabara da ke yawo ita ce a sa Planificateur ya kashe katin sadarwa duk lokacin da dalibi ya shiga, ya kunna shi idan wani ya shiga. Ba mu ba da shawararta. Katin na kwamfutar ne duka, kuma idan admin bai fita daga asusunsa ba, sauya mai amfani kawai aka yi, abin da yake saukewa zai yanke. Waya da aka jona da kebul kuma sabon kati ce a idon Windows, wanda aikin bai san da shi ba.

Ga masu Ubuntu da sauran Linux

A ɗakunan kwamfuta na wasu makarantu Linux ake girkawa, kuma a can abin ya fi sauƙi, domin iptables, wato katangar tsaron Linux, ya daɗe da sanin mai kowace manhaja:

sudo iptables -A OUTPUT -m owner --uid-owner dalibi ! -o lo -j REJECT

Ƙarin ! -o lo yana barin kwamfutar ta yi magana da kanta, wanda buga takarda da wasu manhajoji ke buƙata. A maimaita layin da ip6tables, in ba haka ba shafukan da ke da IPv6 za su iya buɗewa a sadarwar da ke ba da shi. Dokar tana ɓacewa idan aka sake kunna na'ura, sai an girka iptables-persistent an adana da sudo netfilter-persistent save. A tabbatar kuma dalibi ba ya cikin rukunin sudo.

To wace za a ɗauka?

Ɗan koyon aiki a shagon buga takardu, ko mai shigar da lissafi a kantin sayar da kaya, wanda aikinsa ba ya buƙatar intanet ko kaɗan: katangar tsaro, ba tantama. Idan aikinsa na buƙatar shafuka ƙalilan sanannu: firoksin ƙarya da aka kulle da dokokin rukuni, tare da sanin cewa amana ce ke riƙe da rabin abin. Yaron gida: Family Safety, a ƙara masa DNS mai tacewa. Kuma ko wacce aka zaɓa, a gaya wa mutumin an taƙaita asusunsa da dalilin yin haka. Ma'aikacin da bai sani ba zai ɓata rabin yini yana kashe modam yana kunnawa, ko ya kira mai gyara ya biya shi daga aljihun shago.

Saura ƙofa ɗaya da ke bayan dukkan waɗannan. Duk dokokin nan a cikin Windows suke zaune. Wanda ya zo da filas mai ɗauke da Ubuntu ya tashi kwamfutar daga kansa, bai shiga Windows ba balle dokarta ta kama shi, kuma da irin wannan filas ana iya share kalmar sirrin admin. A shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows ta tashi, lokacin kunnawa, yawanci da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a sa faifan ciki a farkon jerin tashi, a kashe tashi daga USB, a sa wa BIOS ɗin kalmar sirri. A kwamfutar tebur da yawa cire batirin nan na CR2032 na ɗan lokaci yana goge wannan kalma, shi ya sa akwatunan Dell da HP na ofis ke da ɗan kunnen ƙarfe a baya, na saƙala kwaɗo. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa kalmar ba ta gogewa da sauƙi, don haka a rubuta ta a ajiye a wurin da mai ita kaɗai ya sani, domin manta ta na iya kai na'urar ga mai gyaran babban allo.